Jizya da Ikilisiyar Masar, daga 641 zuwa 1855

Duk wanda ya daɗe cikin aikin kiwon Ikilisiya a ƙasarmu ya sha jin an ambaci jizya, galibi a lokacin da zukata suka yi zafi. Wani zai ce jizya alheri ce tsantsa, ɗan kuɗi ne kaɗan da Kirista yake biya ya zauna lafiya ba mai taɓa shi. Wani kuma zai ce ƙwace ne aka sa masa rigar addini. Faston da ke hidima a garin da Kirista da Musulmi suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya yana bukatar sanin da ya wuce waɗannan maganganu biyu, domin abin da ya faɗa a kan mumbari ranar Lahadi yakan bi mutanensa har kasuwa ranar Litinin.

A wannan darasi za mu tsaya a ƙasa ɗaya, wato Masar. Kiristocin Masar, waɗanda ake kira Kibɗawa, sun biya jizya shekara fiye da 1,200. Sun bar mana rubuce-rubucensu, masu mulkinsu ma sun bar nasu, kuma Ikilisiyarsu tana nan da rai har yau. Tambayoyinmu uku ne: me jizya ta ba su, me ta karɓe musu, kuma me ya sa suka ɗore?

Mece ce jizya?

Jizya haraji ne na kai da wanda ba Musulmi ba yake biya a ƙarƙashin mulkin Musulunci. Tushenta yana cikin Suratut Tauba, aya ta 29. Wanda ya biya ya shiga zimma, wato alkawarin kariya, abin da Bahaushe yake kira amana. Ransa da dukiyarsa sun zama haramun a taɓa, yana da izinin yin addininsa, shugabannin addininsa ne suke yanke masa shari'ar aure da gado, kuma ba a tilasta masa zuwa yaƙi. Musulmi shi kuma zakka ce a kansa, da fita yaƙi idan an kira.

A ƙa'idar malaman fiƙihu, baligi namiji mai lafiya ne kaɗai yake biya. Ba a karɓa daga mata da yara da bayi. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafi a kan haraji, ya kasa ta kashi uku: dirhami 48 a shekara ga mai arziki, 24 ga matsakaici, 12 ga mai aikin hannu. Ya kuma hana a doki mutum saboda ita. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta maƙwabtanmu a nan, dinari 4 ne ko dirhami 40, tare da rangwame ga talaka.

Ayar ta ƙare da wata kalma mai ma'anar ƙasƙanci, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. Imam Shafi'i ya fahimce ta da miƙa wuya ga hukuncin daula. Waɗansu malaman tafsiri da fiƙihu na baya suka ce a wulaƙanta mai biya a lokacin da yake miƙa kuɗin. Imam Nawawi ya yi watsi da wannan, ya ce ba shi da tushe. Ya kamata mu riƙe wannan saɓani a zuciya, domin a tarihi an ga masu mulki da suka bi kowane ɓangare.

Yadda Masar ta shiga hannun Larabawa

Kafin zuwan Larabawa, Ikilisiyar Masar ba cikin jin daɗi take ba. Tun taron Kalsidon na shekara ta 451 ta rabu da Ikilisiyar sarkin Rumawa a kan yadda za a bayyana allahntaka da mutuntakar Almasihu. A 631 Sarki Hirkal ya aiko wani mai suna Sairus ya zama gwamna kuma shugaban Ikilisiya, domin ya tanƙwara Kibɗawa da ƙarfi. Uban Ikilisiyar Iskandariya, Biliyaminu, ya gudu ya ɓuya fiye da shekara goma. An kama ɗan'uwansa Mina, aka azabtar da shi, aka jefa shi cikin teku. Masu wannan aiki sunan Almasihu suke kira.

Amru ɗan Asi ya shigo Masar a ƙarshen 639. Ganuwar Babila ta Masar, inda tsohuwar Alƙahira take a yau, ta faɗi a 641, a shekarar kuma aka ƙulla yarjejeniyar Iskandariya. Marubutan tarihi Larabawa sun ce an aza dinari 2 a kan kowane baligi namiji. Amru ya ba Biliyaminu takardar aminci, ya dawo kujerarsa, ya shiga gyaran majami'u da gidajen 'yan zuhudu.

Wani bishop Bakibɗe, Yahaya na Nikiyu, ya rubuta tarihin wannan zamani a ƙarshen ƙarnin. Ya shaida cewa Amru bai taɓa dukiyar majami'u ba. Shi ɗin ne kuma ya ba da labarin kisan da aka yi a garinsa Nikiyu, da yadda haraji ya yi tsanani har waɗansu suka ba da 'ya'yansu a madadin kuɗi. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun, kuma wannan shi ne misalin da ya kamata mai karatun tarihi ya bi.

Lokacin da kaya suka yi nauyi

A farko Larabawa 'yan kaɗan ne, suna zaune a sansaninsu na Fusɗaɗ. Kiristoci ne magatakarda, su ne masu tara haraji, da Helenanci da Kibɗanci ake rubuta takardun mulki. Daga ƙarshen ƙarni na bakwai abubuwa suka fara sauyawa. A zamanin Gwamna Abdul'aziz ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, aka ƙirga 'yan zuhudu aka aza musu dinari ɗaya ɗaya, alhali da ba sa biya. Wajen 706 aka mai da Larabci harshen ofisoshin gwamnati.

A 1901 aka tono tarin tsofaffin takardu a ƙauyen Kom Ishkaw a kudancin Masar. A cikinsu akwai wasiƙun Gwamna Kurra ɗan Sharik, wanda ya hau mulki a 709, zuwa ga wani hakimi Kirista mai suna Basiliyos. Gwamnan yana gargaɗinsa kada ya bar masu karɓar haraji su zalunci talakawa. Yana kuma matsa masa lamba a kan kuɗi, da alkama, da matuƙan jiragen yaƙi, da ma'aikatan gini, yana yi masa barazana idan ya yi jinkiri. Maganar da ta fi yawa a wasiƙun ita ce ta 'yan gudun haraji.

A nan ne za mu gane yadda abin yake aiki. A kan gari ake yanka haraji, sa'an nan a raba wa mutane. Dattawanmu da suka ga harajin zamanin En'e sun san wannan tsari. Idan mutum ya gudu, ko ya mutu, ko ya musulunta, kasonsa yakan koma kan waɗanda suka rage. Nauyin ya ƙaru, waɗansu su ma su gudu. Domin a tare wannan hanya, hukuma ta hana kowa tafiya sai da takardar izini mai nuna ya biya. Wani shugaban baitulmali, Usama ɗan Zaidu, har ya sa aka yi wa 'yan zuhudu alama a hannu da ƙarfe.

Akwai abin mamaki a nan. Gwamnoni da yawa ba sa son mutane su musulunta, domin kuɗin shiga zai ragu, har waɗansu suka ci gaba da karɓar jizya daga sababbin Musulmi. Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana wannan, ya tuna wa ma'aikacinsa na Masar cewa kira aka aiko Annabinsu ya yi, ba tara haraji ba. Hukuncin adalci ne a wajen sabon Musulmi. A wajen Ikilisiya kuwa, ya buɗe wa manomin da bashi ya ci ƙofar fita mai sauƙi. Littafin tarihin Ubannin Ikilisiyar Iskandariya ya ce a lokacin Gwamna Hafsu ɗan Walid, wajen 745, da aka yi shelar ɗauke jizya ga duk wanda ya musulunta, mutum 24,000 suka bar bangaskiya. Ba takobi aka sa musu a wuya ba, talauci ne ya kora su.

Tawaye da sakamakonsa

A 725 aka ƙara harajin ƙasa da kashi ɗaya cikin 24, Kibɗawa suka yi tawayensu na farko. Waɗansu suka biyo baya har shekara fiye da ɗari. Mafi girma shi ne na mutanen Bashmur, mazauna fadamun arewacin Masar, a 831. A wannan karo har Larabawa Musulmi manoma sun tayar, domin su ma harajin ƙasa ya ishe su. Halifa Ma'amun ya zo da kansa a 832. Uban Ikilisiyar Iskandariya, Yusufu, da na Antakiya, Diyonisiyus, suka roƙi 'yan tawayen su ajiye makamai, suka ƙi. Aka murƙushe su, aka kashe maza, aka kwashi mata da yara bayi, aka kai waɗansu Iraƙi. Daga nan Kibɗawa ba su sake yin wani babban tawaye da makami ba.

Dokokin bambanci

Jizya ba ita kaɗai take tafiya ba. Akwai wata takarda da ake kira Sharuɗɗan Umaru, wadda ake jingina wa Umaru ɗan Haɗɗabi, ko da yake masana tarihi da yawa suna ganin daga baya aka tsara ta. Ta hana gina sababbin majami'u, da fito da gicciye a fili, da ɗaga murya a sujada, da hawan doki, da riƙe makami. Ta kuma wajabta sa ɗamara ta musamman. A kotun alƙali ba a karɓar shaidar Kirista a kan Musulmi. Musulmi yana iya auren Kirista, 'ya'yan su zama Musulmi, amma Kirista ba ya auren Musulma. Hukuncin wanda ya bar Musulunci kisa ne. Saboda haka ƙofar ta zama ta shiga ce kawai, babu fita.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara da cewa Rumawa Kiristoci sun riga sun aza wa Yahudawa dokoki masu kama da waɗannan. Sun hana su gina sababbin majami'u da riƙe muƙaman gwamnati, Hirkal ma ya ba da umarni a yi musu baftisma dole. A 1492 sarakunan Sifen Kiristoci suka kori Yahudawa ɗungum, da yawansu kuma ƙasashen Musulmi ne suka karɓe su.

Aiki da waɗannan sharuɗɗa ya danganta ga wanda ke kan gado. A 850 Halifa Mutawakkil ya tsananta su, ya ce a rushe sababbin majami'u, a kori Kiristoci daga ofis. A zamanin Fatimiyawa, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969, Halifa Aziz ya ɗora Kirista, Isa ɗan Nasɗurus, a kan manyan al'amuran daula. Ɗansa Hakim kuwa ya rushe majami'u, har da ta Kabarin Almasihu a Urushalima a 1009, ya sa Kiristoci rataya manyan gicciye na itace. Kafin ƙarshen mulkinsa a 1021 ya sauya, ya yarda a sake gini, ya bar waɗanda aka tilasta su koma addininsu. Uba da ɗa ke nan a gida ɗaya. Wannan shi ne raunin zimma: amana ce da mai ƙarfi yake bayarwa, kuma idan ya karya ta, marar ƙarfi ba shi da inda zai kai ƙara.

Lokaci mafi wuya shi ne na Mamlukawa, daga 1250 zuwa 1517. Yaƙe-yaƙen da Turawa suka kawo da sunan gicciye sun sa ana kallon Kibɗawa da zargi, ko da yake su ma Turawan 'yan bidi'a suka ɗauke su. A 1301 aka tilasta wa Kiristoci shuɗin rawani, Yahudawa rawaya. A 1321 taron jama'a suka rushe majami'u masu yawa a faɗin ƙasar. A 1354 aka ƙwace gonakin Ikilisiya fadan 25,000, fadan ɗaya kuwa ya ɗara eka ɗaya. Marubucin tarihi Musulmi, Maƙrizi, ya ba da labarin yadda mutane suka yi ta musulunta a wannan shekara. Masana sun saɓa a kan ƙarnin da Musulmi suka zama mafi rinjaye a Masar, amma sun yarda cewa bayan ƙarni na 14 Kibɗawa sun zama 'yan tsiraru.

Ɓarnar da ta shiga cikin gida

Akwai rauni biyu da ya kamata ma'aikacin Ikilisiya ya lura da su.

Na farko ya shafi shugabanni. Hukuma ta mai da Uban Ikilisiya mai lamunin jama'arsa, idan ana neman kuɗi shi ake kamawa. Wajen 880 Ahmadu ɗan Ɗulun ya ɗaure Uban Ikilisiya Mika'ilu na uku, ya ci shi tarar dinari 20,000. Domin ya biya, ya sayar da kadarorin Ikilisiya, ya kuma karɓi kuɗi daga masu neman kujerar bishop. Abin da aka fara saboda larura ya zama al'ada, zunubin Siman na Ayyukan Manzanni sura 8 ya daɗe yana cin Ikilisiyar Masar. Bishop da ya sayi kujera, daga jikin garken zai fanshe kuɗinsa.

Na biyu ya shafi talakawa. A wani ɗakin ajiya na majami'ar Yahudawa a Fusɗaɗ an sami dubban wasiƙu na ƙarni na 10 zuwa na 13. Masanin da ya ƙare rayuwarsa a kansu, Goitein, ya kiyasta cewa dinari 2 suna riƙe ƙaramin iyali wata guda, ya kuma nuna cewa a wannan zamani ba a ɗaga wa matalauta ƙafa yadda littattafan fiƙihu na farko suka tanada. Wasiƙun cike suke da kukan mutanen da suka ɓuya a gida don ba su da rasit, da roƙon a taimaka wa wanda aka ɗaure. Abin da attajiri bai ji a jikinsa ba, shi ne ya karya mai saƙa da ɗan dako.

Me ya sa Ikilisiyar Masar ta ɗore?

Mu dubi yamma da Masar. Ikilisiyar Kartaj, wadda ta haifi Tatuliyan da Sifiriyan, ƙasar da Agustin ya yi hidima, tana da ɗaruruwan bishop a ƙarni na biyar. Kartaj ta faɗi a 698. A 1053 bishop biyar suka rage. A 1076 ba a iya samun uku da za su keɓe sabon bishop ba. Daga baya ta shuɗe. Dokar zimma ɗaya ce a ƙasashen biyu, amma sakamakon ya bambanta.

Dalilan suna da yawa, ga waɗanda suka fi fitowa fili. Ikilisiyar Kartaj da Latin take sujada, ba a kuwa juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Barbar ba. A Masar an juya shi zuwa Kibɗanci tun ƙarni na uku da na huɗu, bangaskiya ta kai ga manomin ƙauye. Da Kibɗanci ya fara mutuwa a bakin jama'a, shugabanni ba su nace masa ba. A ƙarni na 10 Bishop Sawirus ɗan Muƙaffa ya rubuta tauhidi da Larabci, domin ya ga mutanensa sun daina fahimtar koyarwar Triniti. Uban Ikilisiya Jibra'ilu na biyu, daga 1131 zuwa 1145, ya ba da umarni a riƙa karanta Nassi da Larabci a sujada. Gidajen 'yan zuhudu na hamada suka adana littattafai, suka horar da shugabanni. Aka kuma sami makiyaya irin su Matiyu na ɗaya, daga 1378 zuwa 1408, wanda ake yi wa laƙabi da Matalauci saboda ya rabar da abin hannunsa ga mabukata, da manyan ma'aikata irin su Ibrahim Jauhari, wanda ya rasu a 1795, da suka kashe dukiyarsu a kan gyaran majami'u da taimakon talakawa.

A 1855 Sa'idu Basha ya soke jizya a Masar, aka fara ɗaukar Kibɗawa aikin soja. A 1856 Sarkin Turkawa ya yi shelar daidaita talakawansa a gaban doka. A yau akan kiyasta Kibɗawa kusan ɗaya cikin goma na mutanen Masar, da yawansu da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu.

Inda labarin ya taɓa mu

Malikiyya ta yarda a karɓi jizya har daga waɗanda ba Ma'abota Littafi ba. Shi ya sa bayan jihadin 1804 Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau suka zauna cikin Daular Sakkwato a matsayin 'yan amana, suna biyan jizya. Waɗansu al'ummomin da ke iyakar Bauchi da Zazzau suka ƙulla amana suna kai gaisuwa, wani lokaci har da bayi, waɗanda ba su da amana kuwa hari ake kai musu. Jikokin waɗannan mutane suna zaune a kujerun majami'unmu, don haka maganar takan sosa musu tsohon miki.

Kalmar ta sake fitowa a Yulin 2014, sa'ad da 'yan Da'ish suka ba Kiristocin Mosul zaɓi tsakanin musulunta, da biyan jizya, da takobi, har garin ya wayi gari ba Kirista. A Satumbar wannan shekara malaman Musulunci fiye da 120 suka sa hannu a wasiƙar da ta la'anci ayyukan ƙungiyar. A Janairun 2016 kuma taron Marakesh ya yi kira a gina zaman tare bisa zama 'yan ƙasa ɗaya masu haƙƙi daidai.

Abin da za mu riƙe

Mu faɗi labarin duka. Zimma ta tsare rayuka da majami'u a zamanin da sarakuna da yawa, har da masu kiran sunan Almasihu, ba sa barin marar rinjaye ya rayu da addininsa. Ita ɗin ce kuma ta mai da Kirista mutum mai daraja ta biyu, ta yi ta zaizayar Ikilisiya ƙarni bayan ƙarni. Wanda ya ɓoye rabin farko ya yi wa maƙwabcinsa shaidar zur. Wanda ya ɓoye rabi na biyu ya ci amanar waɗanda suka sha wuya.

Mu kula da talakan cikinmu. Yawancin waɗanda Ikilisiyar Masar ta rasa ta ƙofar bashi da yunwa suka fita. Umarnin ɗaukar nauyin juna da ke Galatiyawa sura 6 ya shafi kuɗin makaranta, da kuɗin asibiti, da jarin gwauruwa.

Mu koyar da harshen da mutane suke ji, mu tsare keɓewa da zaɓen shugabanni daga kuɗi. Mu kuma tsaya a kan haƙƙi ɗaya ga kowane ɗan ƙasa. Idan muna neman filin majami'a a inda muke 'yan tsiraru, kada mu hana filin masallaci a inda muke da rinjaye.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yahaya na Nikiyu ya rubuta alherin Amru da tsananinsa a littafi ɗaya. Yaya za ka bi misalinsa idan matasan Ikilisiyarka suka tambaye ka game da jizya?
2. Waɗanne matsalolin kuɗi ne suke sa mutane barin bangaskiya a yankinka, kuma wane tanadi majalisar dattawanku ta yi musu?
3. Kwatanta Ikilisiyar Kartaj da ta Masar. Wacce ce Ikilisiyarku ta fi kama da ita a wajen harshen sujada da koyarwa?